Idan bangon zuciya ya tsage: abin da sikanin bakin gado ke gani da wanda ba ya gani

Akwai wani lokaci mai ruɗarwa a jinyar wanda ya samu bugun zuciya, wato wanda jijiyar da ke shayar da tsokar zuciyarsa ta toshe. Kwana 3 zuwa 5 da faruwar abin, ciwon ƙirji ya lafa, majinyaci ya fara cin abinci yana hira, 'yan uwa sun soma tambayar ranar sallama. A daidai wannan lokacin ne kuwa ɓangaren tsokar da ya mutu ya fi rauni. Fararen ƙwayoyin jini sun shiga suna narkar da mataccen naman domin kwashe shi, tabon da zai maye gurbinsa kuma bai ƙullu ba, don shi sai ya ɗauki makonni. Zuciya kuwa ba ta san hutu ba. Tana ci gaba da matsawa sau 70 ko 80 a minti, lafiyayyar tsokar da ke gefe tana fizgar matacciyar a kowane bugu. A wasu mutane, sai iyakar da ke tsakanin rayayyen nama da matacce ta tsage, jini ya fita daga zuciya.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Tun a 1647 William Harvey, likitan Ingila da ya bayyana yadda jini ke kewaya jiki, ya ba da labarin zuciyar da ta fashe. Sai dai an shafe sama da shekara 300 ba a ganin matsalar sai a teburin binciken gawa, kuma sai wajen farkon shekarun 1970 aka fara jin waɗanda aka yi wa tiyata suka tashi. A yau, inda ake buɗe toshasshiyar jijiya cikin sa'o'in farko, abin ba ya samun ko mutum 1 cikin 100 na masu babban bugun zuciya. Ƙarancin nan abin murna ne, amma yana da illa: likita na iya yin shekaru bai gani ba, ranar da zai gani kuma bai sa rai ba.

Ya fi samun tsofaffi, da mata, da masu hawan jini, da wanda ya makara kafin zuwa asibiti. Abin da kan ba mutane mamaki shi ne ya fi samun wanda wannan ne bugunsa na farko. Zuciyar da ta daɗe tana fama da ƙarancin jini takan tsiro da ƙananan jijiyoyi na ratse, tana kuma da tsohon tabo mai tauri. Wadda jijiyarta ta toshe farat ɗaya ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, don haka mutuwar naman kan ratsa kaurin bangon gaba ɗaya, ragowar tsokar kuma tana da cikakken ƙarfin da za ta yaga shi. Ba da maganin narkar da gudan jini a makare, musamman ga tsoho, yana ƙara haɗarin. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma galibi bangon ɗakin ƙasa na hagu ne ke tsagewa, domin shi ke ɗauke da matsi mafi girma. Lokutan haɗarin biyu ne, awa 24 na farko da kuma waɗancan kwanaki na 3 zuwa 5, kuma mafi yawa suna faruwa ne kafin a cika mako biyu.

A 1975 Becker da van Mantgem, likitoci a ƙasar Holan, sun kasa tsagewar gida uku gwargwadon siffarta: siririyar tsaga da ke zuwa da wuri, da zaizayar nama a hankali, da fashewar bangon da ya riga ya sirance ya kumbura. Ga mai tsaye a bakin gado, rabon da ya fi amfani na gida biyu ne. Akwai fashewa ta lokaci guda, inda mutum ke faɗuwa ya cika cikin 'yan mintuna. Akwai kuma ta tsiyaya, wadda ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku, inda jini ke fita kaɗan kaɗan ta wata karkatacciyar hanya cikin tsoka, gudan jini ya toshe ta, ta sake buɗewa. Waɗannan na biyun suna da sa'o'i, wani lokaci har kwanaki. Duk maganar sikanin bakin gado, wato duba zuciya da na'urar hoto mai aiki da sauti a gadon da majinyaci yake kwance, in za a faɗi gaskiya, a kansu take.

Ba yawan jinin da ya zuba ne ke kashe mutum ba. Zuciya tana zaune cikin wata jaka mai tauri, wadda a lafiyayyen mutum ruwan cikinta bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba, ɗan abin da zai sa zuciya ta riƙa sulɓi. Jakar tana da halin sabon takalmin fata: in an ba ta makonni takan buɗe, har ta ɗauki lita guda ko fiye mutum yana yawo da ƙafarsa, kamar yadda ake gani a tarin fuka ko ciwon daji da ya kama ta. Amma ba ta buɗewa cikin minti 10. Jini mililita 100 zuwa 200 da ya taru nan take ya isa ya sa matsin cikin jakar ya rinjayi na cikin ɗakunan zuciya, su kasa buɗewa su karɓi jini. Zuciyar da ba ta cika ba kuwa ba ta da abin turawa. Wannan ce shaƙewar zuciya, wadda likitoci ke kira tamfoned, kuma ɓangaren dama ne ke fara lotsawa saboda bangonsa siriri ne.

To me ya hana a gane ta da hannu da kunne? An gwada. A 1935 Claude Beck, likitan tiyata a Amurka, ya haɗa alamu uku: faɗuwar matsin jini, kumburin jijiyoyin wuya, da dusashewar ƙarar zuciya. Kafin shi, a 1873, Bajamushe Adolf Kussmaul ya lura da yadda bugun jijiya ke raunana duk lokacin da majinyaci ya shaƙi iska. Alamun gaskiya ne, amma ba kasafai suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba, kuma sauraren dusashewar ƙara a ɗakin da injuna ke kuka ba ƙaramin aiki ba ne. Hoton ƙirji na yau da kullum ma bai cika taimakawa ba, domin jakar ba ta kumbura ba tukuna, inuwar zuciya na iya fitowa daidai. Siti-sikan zai nuna jinin sarai, sai dai dole a tura majinyaci zuwa wani sashe, a kwantar da shi cikin inji, nesa da masu ceto, alhali matsin jininsa yana reto.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, mutumin da ya samu bugun zuciya yana da dalilai da yawa na sake faɗuwa. Ƙila ɗakin hagu ne ya gaji, ƙila na dama ne ya mutu, ƙila jijiyar da aka buɗe ce ta sake toshewa, ƙila jini yake zubarwa a ciki saboda magungunan tsinka jini, ƙila gudan jini ne ya tafi huhu. Dukkansu fuskarsu ɗaya: gumi, sanyin hannu da ƙafa, ruɗewa, matsin jini ƙasa. Maganinsu kuma ya saɓa wa juna. Ƙarin ruwan da zai riƙe mai shaƙewar zuciya shi zai nutsar da huhun mai gajiyar ɗakin hagu. Kuskure mafi muni ma yana da sauƙin aukuwa: ciwon ƙirji ya dawo, gwajin lantarkin zuciya ya nuna sauyi, sai a ɗauka jijiya ce ta sake toshewa, a ƙara maganin tsinka jini na hefarin ko a ba da maganin narkar da gudan jini. In kuwa bango ne ya tsage, an narkar da gudan da ke riƙe da ran mutumin kenan. Duban minti biyu kafin a ɗauki wannan mataki shi ne, a ganina, babban amfanin na'urar.

Asalin na'urar ma yana da ban sha'awa. A 1953, a birnin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka aro wani inji da ake neman tsaga a jikin ƙarfe da shi a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, suka ɗora shi a ƙirji, suka ga motsin bangon zuciya. A 1965 Harvey Feigenbaum a jihar Indiyana ta Amurka ya nuna cewa da wannan dabara ana iya gano ruwa a kewayen zuciya. Daga wajen 2010 injin ya ƙanƙance har ya shiga aljihu, yanzu ma akwai wanda ake jona wa waya. Aikinsa bai sauya ba: kan na'urar yana aika sauti mai kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 5 a daƙiƙa, yana sauraren amsa kuwwa. Ruwa ba ya mayar da sauti, sai ya fito baƙi. Nama yana fitowa toka-toka. Ƙashi da iska kuwa suna tare hanya, shi ya sa dole a leƙa zuciya ta 'yan tagogi.

Tagar farko a halin gaggawa ita ce ƙahon zuci, inda ake kwantar da kan na'urar a leƙo zuciya ta cikin hanta. Daga nan ake ganin ɗakuna huɗu da jakar da ta kewaye su, kuma ba a shiga hanyar mai danna ƙirji don farfaɗo da zuciyar da ta tsaya. Sai gefen hagu na ƙashin ƙirji tsakanin haƙarƙari, sai ƙarƙashin nonon hagu inda tsinin zuciya yake, sai kuma a juya a dubi babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki. Wanda ya tsaya a taga ɗaya ya yi ganganci, domin jini na iya taruwa a baya ko a gefe guda kawai.

A nan ne ya kamata a daɗe. Wanda ya koyi sikanin a kan masu ruwa na yau da kullum, idonsa ya saba neman baƙin zobe tsakanin zuciya da farin layin jakar. Jinin da ya tsiyayo daga tsaga ba ya zama baƙi na dogon lokaci. Yana daskarewa, ya koma toka-toka, har ya yi kama da hanta ko da tsokar zuciyar kanta. Mai neman baƙi kawai zai iya kallon jakar da ta cika da gudajin jini ya ce babu komai, ko ya ce bangon ne mai kauri. Alhali wannan tokar ita ce shaida mafi ƙarfi: abu mai kauri ko mai zare-zare a cikin jakar, a jikin wanda ya samu bugun zuciya kwanan nan kuma matsin jininsa ya faɗi, tsagewa ce har sai an tabbatar da akasin haka.

Ɗan ruwa shi kaɗai kuwa ba hujja ba ne. Bayan babban bugun zuciya, da yawa sukan tara ɗan ruwa saboda kumburin jakar ko gajiyar zuciya, ya kuma tafi da kansa. Shi ya sa ake aunawa. Faɗin da ya wuce milimita 5 tare da faɗuwar matsin jini ya isa tayar da hankali. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2015 kuma sun ja kunne cewa ruwan da ya wuce milimita 10 bayan bugun zuciya a bincika shi da zargin tsagewa, ko da majinyaci yana zaune lafiya. Bayan awon faɗi, sai a dubi ko ruwan yana danne zuciya. Bangon ɗakin sama na dama yana lotsawa ciki, kuma in lotsawar ta wuce sulusin lokacin bugu ɗaya, alama ce mai nauyi. Bangon ɗakin ƙasa na dama yana faɗawa ciki a lokacin da ya kamata ya buɗe ya cika. Babbar jijiyar nan mai dawo da jini daga ƙasan jiki kuma ta kumbura ta wuce santimita 2.1, ba ta ragewa ko da rabi idan majinyaci ya ja numfashi. A aikace, gwani ba ya tsayawa auna kowane ɗaya yayin da mutum ke suma. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ita tsagar fa? Yawanci ba a ganinta, kuma wannan ne abin da ya fi wuyar karɓa ga sabon mai koyo. Siririya ce, a karkace take cikin tsoka, gudan jini ya lulluɓe bakinta, kuma idan matsin jini ya faɗi babu ƙarfin da zai feso jini har launin Dofila, mai nuna gudun jini, ya kama shi. Wani lokaci akan yi allurar ƙananan kumfa masu haske a jijiya, in an ga sun ɓulla cikin jakar to magana ta ƙare. Amma jiran ganin ramin kafin a kira likitan tiyata ɓata lokaci ne. Na'urar tana nuna sakamakon tsagewa ne. Haɗa shi da tarihin majinyaci a yanke hukunci aikin likita ne.

Akwai abubuwan da ke yaudara ta ɗaya ɓangaren ma. Kitsen da ke gaban zuciya, musamman a masu ƙiba da tsofaffi, yana kama da gudan jini, sai dai shi yana motsi tare da zuciya kuma galibi a gaba kawai yake. Ruwan da ke kewaye da huhun hagu yana kama da na jakar zuciya, ana bambance su da babbar jijiyar awota mai gangarawa ta bayan zuciya: ruwan jaka yana shiga tsakaninta da zuciya, na huhu yana bi ta bayanta. Sannan ko an tabbatar jini ne, ba lallai daga bango yake ba. Tsagewar ita awotar a kusa da tushenta tana zuba jini cikin jaka, tana kuma iya toshe bakin jijiyar zuciya ta haifar da bugun tun farko, don haka duba faɗin tushenta wajibi ne. Wanda aka zura wa waya domin buɗe jijiya kuma, ƙila wayar ce ta huda jijiyar, wannan kuwa galibi a ɗakin da aka yi aikin ake gyara shi. Mai hawan jinin huhu, ɗakinsa na dama yana da tauri, yana iya shaƙewa ba tare da bangon ya lotsa ba. Ga mai ƙiba sosai, ko mai huhu cike da iska, ko wanda ke kan injin numfashi, hoton na iya ƙin fitowa sam, sai an koma ga kan na'urar da ake zurawa ta maƙogwaro. Rashin gani a irin wannan hali ba ya nufin babu.

Idan jakar ta fito wayam, ba a ɗage hannu nan take, domin tsagewa na da 'yan uwa biyu. Katangar da ta raba ɗakunan ƙasa na iya hujewa, sai a ji sabuwar ƙara mai kaushi a ƙirji, launin Dofila kuma ya nuna jini yana ƙetarawa daga hagu zuwa dama. Ko kuma ɗaya daga cikin tsokokin da ke riƙe da bawul ɗin hagu, wato murfin da ke hana jini komawa baya, ta tsinke, galibi ta baya, wadda jijiya ɗaya tak ke shayar da ita, sai jini ya koma baya huhu ya cika da ruwa cikin mintuna. Alamar da ke tona asirinsu ita ce zuciya tana matsawa da ƙarfi a hoto, amma mutum yana cikin suma. Akwai kuma tsagewar da jakar ta manne mata ta riƙe, ta zama wani ƙullutu mai siririn wuya a jikin zuciya, wanda kan ɓoye har makonni. Shi ma na tiyata ne, domin ba tsoka ke riƙe da shi ba.

Halin da ya fi tsanani shi ne idan zuciya ta tsaya: allon injin sa ido yana nuna lantarkin zuciya yana tafiya, amma babu bugu a wuya. Wannan yanayi a jikin wanda ya samu bugun zuciya karon farko, da ba shi da alamar gajiyar zuciya, yana nuni ƙwarai ga tsagewa. Sikanin na iya tabbatarwa, kuma yana da muhimmanci domin danna ƙirji ba ya yin wani tasiri ga zuciyar da ba ta iya cika. Amma bincike ya nuna masu riƙe da na'ura kan tsawaita tsayawar dannawa fiye da daƙiƙa 10 da aka yarda. Dabarar ita ce a ɗora kan na'urar tun ana dannawa, a naɗi ɗan gajeren bidiyo lokacin duba bugu, a koma dannawa, sannan a kalli abin da aka naɗa.

Bayan an gano, sai a shiga halin gaba kura baya sayaki. Zuƙe jinin da allura yana sassauta wa zuciya, amma da zarar matsin jini ya tashi, gudan da ya toshe tsagar na iya ɓallewa. Shi ya sa ake zuƙar kaɗan, iya abin da zai dawo da jini ƙwaƙwalwa, ba a nemi kwashe duka ba, kuma na'urar ce ke nuna wa allurar hanya. Wani lokaci ma allurar ba ta jawo komai, domin jinin ya daskare. Ana tsayar da magungunan tsinka jini, ana ƙara ruwa, ana kuma kaffa-kaffa da sa injin numfashi, tunda iskar da yake turawa tana rage jinin da ke komawa zuciya, mutum na iya tafiya a daidai lokacin sa bututun. Duk waɗannan gada ce zuwa ɗakin tiyata, inda ake ɗinke wurin da faci, ko a manna facin da gam na musamman ba tare da ɗinki ba idan tsiyaya ce, domin mataccen nama ba ya riƙe zare. Ko an kai can, a manyan rahotanni kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya fita asibiti da rai.

Bai kamata a zuzuta na'urar fiye da kima ba. Mafi yawan shaidar amfaninta a wannan cuta daga rahotannin majinyata ɗaiɗai ne da tarin bayanan asibitoci, kuma waɗanda suka rayu ne aka fi rubutawa. Wani gwaji da aka yi a Kanada da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2018, kan masu faɗuwar matsin jini iri-iri a sashen gaggawa, bai nuna cewa ƙara sikanin ya rage mutuwa ba. Hoto ba ya warkarwa, sai matakin da ya biyo bayansa. Amma tsagewar bango tana cikin 'yan cututtukan da matakin ke juyawa gaba ɗaya da zarar an gani. Ko a asibitin da babu likitan tiyatar zuciya, ganin jini a jakar yana hana ba da maganin da zai kashe, yana sauya asibitin da za a tura majinyaci, yana kuma ba da damar aika bidiyon ta waya domin a shirya ɗakin tiyata kafin motar ta iso.

Inda aka fi yin sakaci shi ne maimaitawa. Sikanin da aka yi ranar kwanciya yana da amfani musamman a matsayin ma'aunin da za a kwatanta da shi, domin tsiyaya na iya farawa bayansa da sa'a guda. Mai haɗarin tsagewa, a makon farko, ya cancanci a sake ɗora masa na'urar duk lokacin da ciwon ƙirji ya dawo, ko ya yi ta amai ba dalili, ko ya kasa zama wuri ɗaya saboda wata damuwa da ya kasa bayyanawa, ko ya ɗan sume ya farfaɗo, ko bugunsa ya yi jinkiri matsin jini ya sauka na ɗan lokaci sannan ya dawo. Ma'aikatan jinya ne suka fi ganin waɗannan, galibi da dare, don haka su ma sai sun san cewa alamu ne na a kira mai sikanin. Kowane dubi kuma a rubuta faɗin ruwan da milimita, da tagar da aka auna, da lokacin, domin wanda ya karɓi aiki da safe ya iya gane ko milimita 4 na jiya ne ya zama 9.